Shekarar da Jan-baki Suka Sauka a Gonar Kura

Na so in tsallake wannan babin. Na rubuta muku labarin gidanmu na Zaitawa, da yadda kakana ya sayar da ragowar shanunsa ya zauna a birni, da shekarun da na yi ina koyar da Turanci a makarantar 'yan mata, duk ban sha wata wahala ba. Amma da na iso shekarar da muka rabu da gonar Kura sai na ajiye biro har wata biyu. Abin da ya sa na sake ɗauka shi ne maganganun da nake ji a bakinku tun bayan rasuwar mahaifinku. Abba yana cewa Alhaji Sale ne ya cuce mu. Falmata tana cewa taurin kan Baba ne. Ke kuma Hadiza kin ɗora wa kamfani komai. A shekarar nan Abba yana hidimar ƙasa a kudu, Falmata tana ɗakinta da ɗanyen goyo, Hadiza tana makarantar kwana, saboda haka kowannenku guntun labari ya tsinta. Ba wanda ya taɓa sa sunana a ciki. To ina ciki, kuma tsundum.

Mahaifinku, Malam Bukar, wanda ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, mutum ne mai sana'a biyu. Kakanninsa daga Barno suka zo da alƙalami da tawada suka zauna a Kabara, shi ma ya gaji rubutun Alƙur'ani da hannu, kuma kowace safiya bayan sallar asuba magidanta kan cika zaurenmu suna ɗaukar karatu. Bai taɓa karɓar ko sisi a kan wannan ba. Abin da yake ciyar da mu gona ce, fadamar shinkafa a wajen Kura wadda mahaifinsa ya bar masa. Da an tashi daga karatu zai sauya riga, ya rataya jakarsa, ya tafi tasha. Larabci da ajami kamar ruwa yake shan su, boko kuwa da ƙyar yake haɗa baƙi, Turanci ko kaɗan. Duk takardar da ta shigo gidan nan da Turanci, ta asibiti ce ko ta wuta ko ta makarantarku, hannuna take zuwa. Zai miƙo mini ya ce, Malama, me ta ce? Abin da na faɗa shi ne abin da ta ce. Shekara talatin bai taɓa kai wa wani ya sake duba masa ba.

A shekarar da ta gabaci wadda nake ba ku labari taki ya yi tsadar da rabin abin da gonar take bukata kawai ya iya zubawa, shinkafar ta fito ja-ja, ba ta yi auki ba. Shi ya sa da Alhaji Sale ya zo da maganar kamfani muka saurara. Alhaji Sale abokinsa ne tun suna yara, gonarsu iyaka ɗaya, gidansa yana Ƙofar Dawanau, yana kuma taɓa cinikin hatsi. Ya haɗa manoma goma sha biyu na wannan fadamar ya yi ƙungiya, ya ce wani kamfanin casar shinkafa zai ba su iri da taki da maganin ciyawa, ya turo tarakta ta yi musu huɗa. Su kuma da kaka kowa zai kai wa kamfanin adadin buhunan shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, da aka yanka masa gwargwadon girman gonarsa, a farashin da aka tsayar tun farko, a cire kuɗin kayan da aka ba shi, a ba shi sauran. Wanda buhunansa ba su cika ba, shi zai nemo cikon duk inda zai samo. Wannan na ƙarshen ne ya tsaya wa mahaifinku a rai. Ya ce shi manomi ne, yana iya alkawarin zufarsa amma ba ya iya alkawarin abin da ƙasa za ta bayar.

Ranar da ya kawo takardar yarjejeniyar ina zaune a tsakar gida bayan la'asar da tulin takardun jarrabawa a gabana, aji uku, washegari za a karɓa. Shafi shida ce, rubutun ƙanana kamar an watsa gero. Na karanta shafin farko da na biyu da kyau, na uku na bi shi da ido. A nan na ga sharaɗin da nake nema. Kalmomi uku ne na Turanci, in an juya su kai tsaye, aikin Allah suke nufi. A ƙarƙashinsu an ce in irin wannan ya hana manomi cika alkawari, ba za a bi shi cikon ba. An jera fari, da ambaliya, da gobara, da yaƙi. Na ji daɗi, na ɗago na ce masa ya kwantar da hankalinsa, sun rubuta cewa in ƙaddara ta faɗa wa gona babu komai a kansa. Kalmar da na zaɓa ke nan, ƙaddara. Ban karanta masa jerin ba, ban kuma buɗe shafi na huɗu ba.

Ya yi murmushi ya ce, "To ai shi ke nan. Wace asara ce ba ƙaddara ba?"

Na yi dariya na mayar da kaina kan takardun yara. Washegari ya sa hannu.

Damina ta yi kyau a wannan shekarar, ba zan ɓoye ba. Irin kamfanin mai kyau ne, takin ma ya zo a kan lokaci. Mahaifinku yakan dawo da yamma da laka har gwiwa yana fara'a. Da shinkafar ta fidda kai ya tsinko zangarniya uku ya kawo wa mahaifiyarsa, Ya Fanna, wadda a lokacin idonta ya riga ya tafi, tana zaune a ɗakin da yake kallon rijiya. Ta shafa su da yatsu, ta auna nauyinsu a tafin hannu, ta ce tun zamanin mijinta gonar ba ta yi irin wannan kan ba. Ta sa na rataye mata su a bakin ƙofa.

Kwana goma bayan haka jan-baki suka sauka. Ku da kuka tashi a cikin birni ba ku san su ba. Tsuntsu ne ɗan ƙarami, bai kai tafin hannun yaro ba, amma ba ya zuwa shi kaɗai. Mahaifinku ya ce da farko ya zaci hayaƙin gobara ne ya taso daga gabas, sai ya ga hayaƙin yana lanƙwasa yana saukowa. Ƙarar fukafukansu kamar ruwan sama a kan kwano. Sun zo daidai lokacin da ƙwayar take ruwan nono, ba ta yi taurin da za a yanke ba, su kuma a lokacin suka fi son ta, su matse su tsotse su bar ɓawon a tsaye. Kwana tara bai kwana a gida ba. Shi da sauran manoman suka ɗaure gwangwanaye a igiya daga wannan kunya zuwa waccan, suka rataya ledoji, suka ɗauki 'yan ƙwadago masu majajjawa, har ganga aka hayo. In an kore su daga gabas su sauka a yamma. Ya dawo muryarsa ta dushe gaba ɗaya, sai da ya yi sati yana koyar da karatu da raɗa. Da aka yanke aka sussuka, abin da aka samu bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na buhunan da aka yanka masa ba. Haka sauran goma sha ɗayan.

Duk da haka hankalinsa a kwance yake. Ya ce Allah ya bayar ya karɓa, kuma an gode masa tunda akwai sharaɗin ƙaddara. Ya ce in shirya in raka shi ofishin kamfanin ko za a kawo wata takardar Turanci. Da safen ranar da za mu tafi, yana zaure, na ciro yarjejeniyar daga ƙasan akwati na karanta ta daga farko har ƙarshe, karon farko. A shafi na huɗu aka ce kare amfanin gona daga ƙwari da dabbobi da tsuntsaye aikin manomi ne, asarar da ta zo ta nan ba ta cikin abin da za a yafe. Har kalmar tsuntsaye sun rubuta. Na zauna a bakin gado. Ya leƙo ya ce mu tafi kada rana ta yi, na yafa mayafina na bi shi, ban faɗa masa abin da na gani ba. Ina ta fatan ko manajan mai sauƙin kai ne.

Manajan ba mugu ba ne, Hadiza, ina so ki san wannan. Bakano ne kamarmu, da tabon sallah a goshinsa, ya tashi ya ba mahaifinku kujera, ya sa aka kawo ruwa. Ya saurari labarin tsuntsayen har ƙarshe. Sannan ya buɗe shafi na huɗu ya juya shi da Hausa, a hankali, layi bayan layi. Da dusasshiyar muryar nan mahaifinku ya tambaye shi wa ya halicci jan-baki, wa ya nuna musu hanyar Kura, wa ya sa suka zo a satin da ƙwaya take nono ba satin da ya wuce ko mai zuwa ba.

Manajan ya ce, "Malam, ni ma na san wanda ya aiko su. Amma takardar nan abu huɗu ta yarda nasa ne. Kuma ba ni na rubuta ta ba, ba ni da ikon ƙara na biyar." Sannan ya ce, "Ba a karanta muku ba ne kafin ku sa hannu?"

Mahaifinku ya ce, "An karanta mini."

Bai dube ni ba. A hanyar dawowa, da muka shigo lungunmu ya tsaya ya gaisa da mai gyaran keke kamar kullum.

Bayan kwana biyu aka yi ruwan ƙarshen damina, mai ƙarfi, ya cika magudanar da take ƙasan fadamar har ta malala cikin gonaki biyu na can ƙarshe. Karmami kawai ruwan ya tarar, an riga an kwashe ɗan abin da ya rage. Amma Alhaji Sale ya je ya ɗauki hotuna da waya. Ya zo gidanmu a lokacin da ya san mahaifinku yana masallaci, ya yi sallama da ni a zaure. Ya ce ya yi magana da jami'in kamfanin da yake zagaya gonaki, wani matashi mai tausayi, wanda ya ce in kowa ya rubuto cewa ambaliya ce ta ci gonarsa, shi zai buga hatimi ba tare da ya je ya auna ba. Alhaji Sale ya ce gida goma sha biyu ne za su tashi in ba a yi haka ba, a cikinsu akwai wanda gonar ce kaɗai abin da ya mallaka. Ya ce ni na san Turanci, ni zan rubuta musu. Game da abokinsa kuwa, ya kalli ƙasa ya ce na fi shi sanin yadda zan yi da Malam.

Na rubuta. Wasiƙar da mutum goma sha ɗayan nan suka sa wa hannu ni na tsara ta, a kan teburin da nake gyaran jarrabawa, kuma na tsara ta da kyau. Aka buga kwafi goma sha biyu, aka aiko mini da ta mahaifinku. Bayan azahar yana zaune a tabarmarsa yana fiƙe alƙalami na ajiye masa ita da biro.

Ya ce, "Malama, me ta ce?"

Na ce, "Sanarwar asara ce. Kowa zai kai tasa."

Ya karɓi biron ya rubuta sunansa da Larabci, da irin kyakkyawan rubutun nan nasa, ya hura a kai kamar tawada ce, ya miƙo mini ya sa mini albarka saboda wahalar da nake sha.

Na saka ta a jaka na hau adaidaita zuwa Ƙofar Dawanau. Motocin hatsi sun cushe hanya, sai na sauka na ƙarasa da ƙafa. Na hango ƙofar gidan Alhaji Sale, da babura uku na 'yan ƙungiya a jingine. Ina so in ce muku tsoron Allah ne ya tsayar da ni, amma ba shi ya fara zo mini ba. Abin da ya zo mini shi ne gobe ko jibi wata takardar za ta shigo gida, zai miƙo mini ya yi tambayar nan tasa, zai kuma yarda da abin da na ce. Karon farko na cuce shi ne saboda gaggawa, ban sani ba. Wannan kuwa ina sane. Akwai wata mata mai suyar awara a gindin katanga, na roƙe ta aron benci na zauna. Ta tambaye ni ko jiri nake ji, na ce e. Na fi rabin awa a wurin ina kallon ƙofar. Daga nan na tashi na tsayar da wani adaidaitan na koma Kabara.

Na same shi inda na bar shi. Na durƙusa na karanta masa wasiƙar da Hausa, kalma bayan kalma, na faɗa masa wanda ya rubuta ta, na kuma faɗa masa maganar shafi na huɗu, cewa ban buɗe shi ba sai ranar da za mu ofis. Ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya ɗauki 'yar wuƙar da yake fiƙe alƙalami ya yanke wurin da sunansa yake, ya sa guntun a aljihu, ya miƙo mini sauran. Abin da ya ce kawai shi ne in tashi, ƙasa da sanyi.

Kada ku ɗauka daga nan na zama mutuniyar kirki. Na faɗa masa gaskiya, sannan na kwana uku ina roƙonsa ya yi ƙaryar da kansa. Na ce kamfani ba zai ji a jikinsa ba. Na ce sharaɗin nasu zalunci ne, wanda ya rubuta shi bai taɓa tsayawa a gona da gwangwani a hannu ba. Na kawo masa maganar kuɗin makarantar Hadiza, da maganin Ya Fanna. Na yi kuka, na yi fushi, na daina kai masa abinci da hannuna. Ya Fanna da ta ji abin da ake ciki ta goyi bayana, abin da ba ta saba ba. Ta sa aka kira shi ɗakinta, ta fara da Barbarci, wanda ba ta yi sai ranta ya ɓaci sosai, sannan ta dawo Hausa don in ji. Ta ce ubansa da hannunsa ya sare wannan fadamar tana jeji, yanzu za a rasa ta saboda kalma ɗaya.

Ta ce, "Da ruwan da tsuntsun ba duk na Allah ba ne? Kai da bakinka kake koya wa mutane haka."

Ya ce, "Duk nasa ne, Ya. Amma ɗaya ya aiko mini, bai aiko mini ɗayan ba."

Ta juya fuskarta bango.

Alhaji Sale ya zo a tsorace, don in mahaifinku ya rubuta cewa tsuntsu ne, gonarsa kuma tana tsakiyar nasu, asirin kowa ya tonu, jami'in nan ma ya rasa aikinsa. Suka shiga zaure su biyu, ina jin su ta bayan ƙofa. Mahaifinku ya ce masa ya kwantar da hankalinsa. Ba zai rubuta ambaliya ba, ba kuma zai rubuta tsuntsu ba, ba zai rubuta komai ba. In an tambaye shi game da gonar wani zai ce shi tasa ya sani. Haka aka yi. Wasiƙa goma sha ɗaya ta tafi, aka yafe musu cikon. Na goma sha biyun aka aiko masa da takardar neman buhunansa. Na tabbata manajan ya gane, don ya riga ya ji labarin tsuntsayen, kuma ba ambaliyar da take zagaye gona ɗaya ta ci na kewayenta. Bai tambaya ba, mahaifinku bai faɗa ba.

Tsuntsayen ba Kura kaɗai suka ci ba, saboda haka shanshera ta yi tsada a kasuwa, cikon da za mu saya ya kusan ninka abin da muka zata. Na sayar da 'yan kunnena da sarƙar aurena, ya sayar da wani Alƙur'ani da ya shekara biyu yana rubutawa da niyyar ya bar wa Abba, duk ba su kai ko'ina ba. Kamfanin ya ƙara mana wata uku, sannan takardar lauya ta zo. Dillalai suka ji labari suka riƙa zuwa suna taya gonar da farashin wulaƙanci, don sun san a matse muke. Abba, ka buɗe kunnenka a nan. Alhaji Sale ne ya zo ya saya a kan abin da ya fi na kowa nesa ba kusa ba, har ya fi abin da gonar za ta yi a shekara mai kyau. Sai da ya sayar da shagonsa ɗaya ya haɗa kuɗin. Bayan an sa hannu ya roƙi mahaifinku ya ci gaba da noma ta aro, har iya rayuwarsa. Mahaifinku ya yi godiya ya ƙi. Ya ce mini in yana zuwa fadamar nan kullum, mutum goma sha ɗaya za su riƙa sunkuyar da kai in sun hango shi, shi kuma ba ya so ya zama abin da ake sunkuyar wa kai. Ya kuma ce ya gaji. Ina jin wannan ta biyun ta fi gaskiya.

Duk da haka sun sunkuyar. Uku daga cikinsu ɗalibansa ne na karatun safe, ɗaya bayan ɗaya suka daina zuwa. Ba gaba suke yi da shi ba, kunya ce, amma a zaure duk ɗaya ne, gurbinsu a tabarma ya zauna babu kowa. Alhaji Sale yakan aiko da buhun shinkafa duk kaka, mahaifinku yakan sa a raba wa maƙwabta, ya aika masa da godiya. Abota ta shekara hamsin ta koma gaisuwar salla da ta jana'iza. Ya Fanna ta rasu da bazarar da ta biyo, ba ta sake ambatar gonar ba, ni kuma ba ta sake yi mini magana ba sai ta dole. A wurinta laifina biyu ne, na ƙi karantawa lokacin da ya kamata, na kuma karanta lokacin da bai kamata ba.

Mahaifinku kuwa bai taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ci gaba da miƙo mini takardu. Ni ce na sauya, na koma karanta masa komai daga sama har ƙasa, har ƙananan rubutun da suke bayan kwalin magani, yana zaune yana jira har in gama. Sau ɗaya tak, wata shida bayan sayar da gonar, na fito zan zubar da ruwa na hango shi a ƙofar gida yana nuna wa wani malamin makaranta maƙwabcinmu wata takarda daga asibiti. Da ya shigo ya ga na gani, ya ce ya zaci barci nake. Ya san ba na barcin rana. Bai sake ba. Amma na gani, kuma har yau ina gani.

Ban rubuta wannan don ku zauna ku yanke wa ya yi daidai ba. Ni da na shekara da shekaru ina juya shi ban gama ba. Gida goma sha ɗaya sun tsira da gonakinsu saboda ƙaryar da na rubuta, 'ya'yansu sun yi karatu, wasu ma na koyar da su. Gida ɗaya ya rasa tasa saboda gaskiyar da na faɗa. In na ce na yi nadamar wasiƙar, sai in tuna fuskar wanda gonar ce kaɗai abin da ya mallaka. In na ce na yi nadamar dawowa daga Ƙofar Dawanau, sai in kasa haɗa ido da hoton mahaifinku. Na dai roƙi Allah gafarar duka biyun, na bar masa ya tantance.

Ragowar shinkafar da muka ajiye don ci ta ƙare kafin azumi. Tun da na shigo gidan nan amarya ban taɓa sayen shinkafa ba, ban ma san yadda ake sayar da kwano ba. Na je kasuwa na tsaya gaban wani mai awo na tambaya, ya faɗa, na zaci wasa yake, har ya tambaye ni ko baƙuwa ce ni a garin. Na sayi kwano ɗaya 'yar gida na dawo na zuba a faifai ina tsince tsakuwa. Mahaifinku ya fito zai yi alwala, ya tsaya a kaina. Ya sunkuya ya ɗebi kaɗan a tafin hannu, ya kai wajen haske, ya juya ta da yatsa, ya sa ƙwaya ɗaya a baki ya ciza.

Ya ce, "Ta wajenmu ce. An yanke ta da wuri, bai bari ta gama nuna ba. Tsoron tsuntsu ya ji."

Ya mayar da ita cikin faifan, ya kakkaɓe hannunsa a hankali don kada ƙwaya ta faɗi ƙasa. Da na dafa na kai masa, ya ci shiru har ya ga ƙasan kwanon. Ya ce manominta ya yi ƙoƙari, in da saura in ƙara masa.

Na tashi na ƙara masa.